Korar Tuchel daga Chelsea: an yi daidai ko an tafka kuskure?

Abu Ammar:
Assalamu alaikum jama'a. Tun daren jiya, 2 ga Afrilu 2023, da aka sanar da korar Graham Potter, kocin da ya gaji Tuchel, nake ganin 'yan Chelsea suna ta hamdala. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne, kuma ina so mu tattauna shi tsakani da Allah: me ya sa aka kori Thomas Tuchel tun farko?

Ku tuna yadda aka yi. Ranar Talata 6 ga Satumba 2022 muka je Zagreb, Dinamo ta ci mu 1-0, Orsic ya zura ƙwallon. Gari na wayewa aka ce Tuchel ya tattara nasa ya nasa. A lokacin wasa shida kacal aka buga a Firimiya, muna da maki 10, muna na shida a teburi. Yau ga mu na 11 da maki 38 a wasa 28, shekaranjiya Aston Villa ta zo har Stamford Bridge ta ɗura mana biyu ba ko ɗaya. A ranar nan ta Asabar kuma Tuchel ya fara aiki da Bayern, ya lallasa Dortmund 4-2.

Ni dai a wurina korar nan kuskure ce babba, kuma ba don abin da Potter ya yi ko bai yi ba. Ko da Potter ya zo ya ci kofi, yadda aka yi abin bai dace ba. An rufe kasuwar 'yan wasa ranar 1 ga Satumba, an kashe sama da fam miliyan 250 a kan 'yan wasan da aka sayo da shawararsa, kwana shida bayan nan aka sallame shi. Wanda yake da hujjar da za ta gamsar da ni, bisimilla.

Sadik Na Mount:
Wa alaikumus salam Yaya Abu. Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Mutumin da ya karɓi ƙungiyar a hannun Lampard tana ta tara a watan Janairun 2021, cikin wata huɗu ya ɗauko mana kofin Zakarun Turai. Atletico, Porto, Real Madrid, sannan Man City a wasan ƙarshe. Har gobe ina ganin ƙwallon da Mount ya zura wa Havertz a raina. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, shi ke nan.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Abu Ammar, ka kawo magana mai kyau, amma zan saɓa maka, kuma ka yi haƙuri da tsawon bayanina.

Matsalar da nake gani ita ce, ana auna Tuchel da Potter. Duk wanda ka ajiye kusa da Potter na wata bakwai ɗin nan zai yi kyau. A auna Tuchel da Tuchel. Wasa 100 cif ya jagoranci Chelsea. A 50 na farko ƙwallo 24 aka zura mana. A 50 na biyu an zura mana 53. Kocin da ƙarfinsa gaba ɗaya yake a tsaron baya, idan bayan ya ɓalle me ya rage masa?

Kuma lalacewar ba a Zagreb ta fara ba. Farkon Disambar 2021 muna saman teburi, West Ham ta ci mu 3-2, daga nan ba mu sake komawa ba. Muka ƙare kakar da maki 74, Man City na da 93. Tazarar maki 19 ke nan. A watan Afrilun 2022 Brentford ta zo gidanmu ta ci mu 4-1, Real Madrid ta zo ta ci 3-1, Arsenal ta zo ta ci 4-2. Duk a wata guda, duk a Stamford Bridge. Sabuwar kaka ta shigo, Leeds ta ci mu 3-0, Southampton ta ci mu 2-1. West Ham ɗin da muka ci 2-1 ma kowa ya san VAR ce ta cece mu da ta soke ƙwallon Cornet. Wanda ya kalli wasannin nan da idonsa ya san ƙungiyar ba ta da rai. Ana riƙe ƙwallo, ana kai ta gefe ana dawo da ita, babu mai ci.

Ina girmama abin da ya yi mana a wasan ƙarshe a birnin Porto, Allah Ya sani. Amma kofin 2021 ba zai buga maka wasan 2022 ba.

Abu Ammar:
Malam, alƙalumanka gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka tsallake abin da ya jawo su. Chilwell ya samu mummunan rauni a gwiwa a wasan da muka ci Juventus 4-0 a Nuwamban 2021, bai dawo ba sai ranar ƙarshe ta kaka. Reece James ya bi bayansa a ƙarshen Disamba. Tsarin Tuchel na 'yan baya uku a kan mutum biyun nan ya dogara, su ne ke kai hari ta gefe. Ka cire su, ka sa Alonso da Azpilicueta su yi wannan gudun duk bayan kwana uku, me kake tsammani? Wasa 63 muka buga a kakar nan.

Sannan ga babban abin. Ranar 10 ga Maris 2022 gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich, mai kulob a lokacin, takunkumi. Aka hana kulob sayar da tikiti, aka rufe shagon riguna, aka hana sabunta kwantiragin kowa, har kuɗin tafiya wasan waje aka ƙayyade. Duk kashin da ka lissafa na Afrilu a cikin wannan hali aka sha shi. Su waye suka fito suka yi wa duniya bayani a lokacin? Shugabannin kulob duk sun yi tsit. Tuchel kaɗai aka bari a gaban 'yan jarida, ana tambayarsa yaƙin Yukren, ana tambayarsa ko kulob zai kai ƙarshen kaka. Shi ne ya ce ko da mota ce zai tuƙa 'yan wasa da kansa su je Lille. Kuma duk da haka ya ƙare a na uku, ya kai wasan ƙarshe na kofin FA, ya je Bernabeu ya sa Madrid a 3-0 kafin Modric ya yi waccan bajintar da ta dawo da Madrid cikin wasan. Wanda ya riƙe maka gida a irin wannan lokaci, ai ya cancanci ka ba shi fiye da wasa bakwai.

Maman Ilham:
Sannunku da muhawara. Ni ina ganin ku biyun kuna magana a kan fili, alhali ba fili ne ya kore shi ba. Todd Boehly, sabon mai kulob, da kansa ya faɗa a wani taro a New York, mako guda bayan korar, cewa ba wasan Zagreb ba ne dalili, tunaninsu ne bai zo ɗaya ba a kan inda kulob ya dosa. To a nan ya kamata mu tsaya.

A ƙarshen Mayun 2022 Boehly da kamfanin Clearlake suka kammala sayen kulob. Kafin Yuni ya ƙare Bruce Buck ya sauka daga shugabanci, Marina Granovskaia ta tafi, Petr Cech ya tafi. Marina ita ce ke cinikin 'yan wasa shekara da shekaru. Cech shi ne tsani tsakanin koci da manya, kuma kowa ya san yadda suka shaƙu da Tuchel. Maimakon a kawo wanda ya san aikin, sai Boehly ya naɗa kansa daraktan wasanni na riƙon ƙwarya, mutumin da bai taɓa cinikin ɗan ƙwallo ko ɗaya ba. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya jingina da Tuchel, ana son ya horar da safe, da rana ya zauna taron wa za a saya. Tuchel ya nuna a fili cewa wannan ba shi ne aikin da yake so ba. Sai aka ce ba ya ba da haɗin kai.

Idan ka kori masu aiki uku ka ɗora wa na huɗu kayansu, ya yi ƙorafi, laifin wa?

Malam Habu:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma ki duba tarihin mutumin. A Dortmund ya ci kofin Jamus a Mayun 2017, kwana uku bayan nan suka rabu saboda rigimarsa da Watzke, babban jami'in kulob ɗin. A PSG ya kai su wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2020, karo na farko a tarihinsu, amma kafin shekarar ta fita an sallame shi, bayan takun-saƙa da Leonardo, daraktan wasanninsu. A Chelsea kuma ga Boehly. Kulob uku, ƙasa uku, shugabanni daban-daban, ƙarshen duk iri ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Ba zai yiwu a ce kullum shugabannin ne masu laifi ba.

Maman Ilham:
Na yarda yana da wuyar sha'ani, Malam. To amma wata 14 ya yi da su Marina da Cech kafin takunkumi, ka taɓa jin wata rigima? Ko lokacin da Lukaku ya yi hirar nan da gidan talabijin na Italiya a Disambar 2021, Tuchel ya ajiye shi a wasan Liverpool, kulob ya mara masa baya, aka kashe wutar cikin mako guda. Wannan ya nuna idan akwai tsari yana iya zama da mutane. Kuma in har sun san ba za su iya aiki da shi ba, tun Yuli suka sani. Me ya hana su rabu da shi a lokacin, sabon koci ya samu atisayen share fage, ya zaɓi 'yan wasansa?

Ɗan Drogba:
Tunda an ambaci Lukaku bari in shigo. Ni ban taɓa yin baƙin cikin tafiyar Tuchel ba, kuma dalilina ɗaya ne: mutumin nan yana kashe 'yan wasan gaba. Ku lissafa. Lukaku, fam miliyan 97.5, ya zo daga Inter yana cin ƙwallo kamar me, ya ƙare da 8 a Firimiya, har akwai wasan Crystal Palace da sau bakwai kacal ya taɓa ƙwallo a minti 90. Werner ya koma Leipzig. Ziyech ya zama ɗan benci. Pulisic yau a gaba, gobe a baya ta gefe. Hudson-Odoi ya sa shi a wasan Southampton ya sake cire shi a wasan, yaro ɗan shekara 20, a gaban duniya. Tammy Abraham kuwa ko benci bai samu ba a wasan ƙarshe na FA da Leicester, aka sayar da shi ga Roma, ya je ya ci 27 a kakarsa ta farko har da kofi.

A kakar 2020/21 wanda ya fi ci mana ƙwallo a Firimiya Jorginho ne, guda 7, duk fenareti. Kakar da ta biyo baya Mount ne da 11. Wannan Chelsea ce ta Drogba da Lampard da Diego Costa? Mun je Wembley wasan ƙarshe sau uku a hannunsa, ba mu ci ƙwallo ko ɗaya ba a cikin wasa. Leicester 1-0, Liverpool canjaras babu ci sau biyu, aka fitar da mu a fenareti.

Sadik Na Mount:
Haba Ɗan Drogba. To da ya tafi sai ƙwallayen suka fara zuba? An kawo Joao Felix, an kawo Mudryk, ga Sterling ga Havertz, har yanzu ba ma ci. Southampton tana ta ƙarshe a teburi ta zo gidanmu a Fabrairu, Ward-Prowse ya buga bugun tazara ɗaya ta tafi da maki uku. Idan Tuchel ne matsalar, me ya sa ciwon bai warke ba?

Ɗan Drogba:
Don an kawo wanda bai iya ba. Korar daidai ce, naɗin ne kuskure. Abu biyu ne daban, kar ku haɗa su.

Abu Ammar:
A'a ƙanina, ba sa rabuwa. Ba a korar koci a bar kujera babu kowa, ana korarsa ne don a kawo wanda ya fi shi. Ranar 7 aka kori Tuchel, ranar 8 aka sanar da Potter, da kwantiragin shekara biyar da diyyar sama da fam miliyan 20 ga Brighton. Ka ga ke nan an riga an gama shawara tun kafin a je Zagreb. Shawarar kuwa ita ce a cire wanda ya kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai sau biyu a jere, a sa wanda bai taɓa jagorantar wasa ko ɗaya a gasar ba. Wannan ita ce shawarar da muke aunawa, dunƙule guda.

Kuma ku dubi Aubameyang, don shi ne ya fi nuna min rashin tsarin. Saboda Tuchel kawai ya baro Barcelona, sun yi aiki tare a Dortmund inda ya ci 31 a Bundesliga a kakar 2016/17. Ya zo ranar da za a rufe kasuwa, da karyayyen muƙamuƙi bayan harin da 'yan fashi suka kai masa gida, ya sa abin kare fuska ya buga kusan awa ɗaya a Zagreb. Iyakar abin da ya buga wa mutumin da ya kira shi ke nan. Zuwa Fabrairu an cire sunansa daga jerin 'yan wasan Zakarun Turai. Wanda ya sa hannu a cinikin nan ya san zai kori kocin a makon. Wannan wane irin lissafi ne?

Na Arteta:
Ni ɗan Arsenal ne, ku ba ni dama in sa baki duk da ba gidanmu ba ne. A farkon kakar 2021/22 Brentford ta ci mu 2-0, ku kuka ci mu 2-0, Man City ta ci mu 5-0. Muna na ƙarshe a teburi, babu maki babu ƙwallo, ga shi mun ƙare a na takwas sau biyu a jere kafin nan. Ni kaina ina cikin masu cewa Arteta ya tafi a lokacin, kamar yawancinmu. Shugabanni suka toshe kunne. Yau ku duba wa ke saman teburi. Klopp ya zo Liverpool a Oktoban 2015, bai ɗaga kofi ba sai 2019. Ferguson ya zo United a 1986, kofinsa na farko a 1990. Da a Chelsea suke da babu wanda zai kai shekara biyu. Matsalarku ta wuce Tuchel ko Potter, ba ku da haƙuri ne kawai.

Baba Tanko:
Yaro, kafin ka koya mana haƙuri bari in tuna maka wani abu, don na ga zamanin da da yawanku ba ku gani ba.

Korar koci ba baƙon abu ba ne a Chelsea, kuma gaskiyar da ba a son faɗa ita ce sau da yawa ta yi mana amfani. An kori Scolari a Fabrairun 2009, Hiddink ya zo ya ci kofin FA. An kori Villas-Boas a Maris 2012, Di Matteo ya ɗauko mana kofin Zakarun Turai na farko a Munich, a gidan Bayern. Shi ma Di Matteo aka kore shi a Nuwamban shekarar bayan Juventus ta ci mu 3-0, Benitez ya zo ya ci Europa. An kori Mourinho a Disambar 2015, wata bakwai bayan ya ci Firimiya, kakar da ta biyo baya Conte ya sake ci. Shi kansa Tuchel ta wace ƙofa ya shigo? Ta korar Lampard, gwarzon kulob. Ancelotti ma da ya ci Firimiya da FA a 2010, yana ƙarewa a na biyu a 2011 aka sallame shi a filin Everton. A tsawon shekarun Abramovich mun ci Firimiya biyar da Zakarun Turai biyu. Arsenal mai haƙuri ba ta ci Firimiya ba tun 2004.

To me ya sa wancan ya yi aiki, wannan bai yi ba? Don a wancan lokacin koci kaɗai ake canzawa. Komai na nan daram. Terry na nan, Lampard na nan, Drogba, Cech, Ashley Cole, Mikel Obi. Ko wa aka kawo, waɗannan ne ke riƙe da ɗakin 'yan wasa. A ofis ma mutanen ba sa canzawa. Sabon koci zai zo ya tarar da gida a gine, nasa kawai ya gyara zama. Boehly kuwa a cikin wata huɗu ya canza mai kulob, ya canza shugaba, ya canza mai ciniki, Rudiger ya tafi Madrid kyauta, Christensen ya tafi Barcelona kyauta, sannan ya zo ya cire koci. Tuchel shi ne abu na ƙarshe da ya rage wanda ya san yadda ake cin wasa a kulob ɗin nan. Don haka ni ina tare da Abu Ammar, amma ba don tausayin Tuchel ba. Da Abramovich ne ya kore shi a ranar da aka kore shi, da ban damu sosai ba, don na san akwai waɗanda za su riƙe. Wannan karon babu kowa a bayansa.

Na Arteta:
Allah Ya ƙara girma Baba, na karɓi gyara a kan kofunan. Amma ko a lokacin ai kuɗin diyyar da kuka riƙa biyan masu horarwa ba kaɗan ba ne.

Baba Tanko:
An biya, kuma an ga abin da aka saya da shi a cikin kabad ɗin kofuna. Yanzu an kashe sama da fam miliyan 500 a kasuwa biyu, Enzo Fernandez kaɗai ya haura miliyan 100, muna na 11.

Malam Habu:
Baba Tanko, bayaninka ya fi na kowa ƙarfi a nan, na yarda da rabinsa. Inda ban yarda ba shi ne a ce Tuchel zai iya riƙe gidan shi kaɗai. Ku tuna yadda yake a watannin ƙarshe. A Orlando Arsenal ta ci mu 4-0 a wasan share fage, ya fito ya soki 'yan wasansa a bainar jama'a, ya ce wasu hankalinsu na kan tafiya. Wasan Tottenham ya riƙe hannun kocinsu Conte ya ƙi saki har aka ba su jan kati su biyu. Bayan Southampton ya ce ƙungiyar ba ta da wuyar dokewa. Bayan Zagreb ya fito yana cewa komai ya ɓace. Kocin da kullum yake nuna 'yan wasansa da yatsa, ba a daɗewa suke daina yi masa gudu. Mu muna ganin minti 90 ne kawai, waɗanda ke Cobham, filin atisayenmu, kullum suna ganin sauran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Ilham:
Malam, wasan Tottenham ɗin da ka kawo hujja ce a kanka. Wannan shi ne wasa mafi kyau da muka buga a kakar nan gaba ɗaya, mun danne su daga farko har ƙarshe. Romero ya ja gashin Cucurella a gaban Anthony Taylor, VAR ta duba ta ce babu komai, daga kwanar da ta biyo baya Kane ya farke a minti na 96. Ranar 14 ga Agusta ke nan, mako uku da 'yan kwanaki kafin kora. 'Yan wasan da suka juya wa koci baya ba sa buga irin wannan wasan. Kuma a wasan ne Kante ya ji rauni, bai sake taka fili ba sai shekaranjiya. Duk wanda ya san Chelsea ya san bambancinta idan akwai Kante da idan babu shi.

Game da mai ɗaki kuma, wata uku da 'yan kwanaki Boehly ya yi a ɗakin lokacin da ya yanke hukuncin.

Abdul Bayern:
Ni ɗan Bayern ne, kuma ina so ku sani abin da kuke kuka da shi mu ma shi ke damun wasunmu, sai dai a wurinmu Tuchel ne ya ci ribarsa. Nagelsmann, kocin da Tuchel ya gada a Bayern, ya ci duk wasa takwas da ya buga a Zakarun Turai a kakar nan, ya doke Inter da Barcelona gida da waje, ya fitar da PSG ba tare da an zura mana ko ɗaya ba. Maki ɗaya ne tsakaninmu da Dortmund lokacin da aka kore shi. Duk da haka aka sallame shi don ana tsoron wani ya riga mu ɗaukar Tuchel. Na ji daɗin 4-2 ɗin ranar Asabar, amma har yanzu ina ganin ba a kyauta wa Nagelsmann ba. Kada ku ɗauka Tuchel kullum shi ake zalunta.

Abu Ammar:
Gaskiya ne Abdul, kuma ban ce waliyyi ba ne. Amma ka lura da abin da labarinka ya nuna: kulob irin Bayern ya yarda ya kori kocin da bai faɗi wasa ko ɗaya a Turai ba don ya samu mutumin da mu muka yar. Wata shida kawai ya yi a zaune.

Ɗan Drogba:
Mu jira mu ga yadda za ta kaya masa da Man City a kwata fainal kafin mu yanke. Wasa ɗaya ya buga.

Kuma a yi wa Potter adalci ko yaya. Brighton tana ta huɗu lokacin da ya baro ta, ya ci United a Old Trafford a wasan farko na kaka. Rukunin da Tuchel ya fara da shan kashi, Potter ne ya ƙare shi a na ɗaya, ya ci AC Milan 3-0 da 2-0, ya fitar da Dortmund. Na ce bai iya ba, amma har da cewa an tara masa 'yan wasa sama da 30, ko atisaye ba ya yiwuwa da wannan yawan.

Maman Ilham:
To ka dawo kan maganata ke nan. Koci biyu masu hali daban, ɗaya mai zafi ɗaya mai sanyi, ɗaya an ce ba ya ba da haɗin kai, ɗaya an kawo shi don yana ba da haɗin kai, duka an kore su a kaka ɗaya. Waɗanda suka ɗauki shawarar duka biyun suna nan a kujerunsu. A watan Satumba sun ce aiki ne na dogon lokaci, sun ba da shekara biyar. Ko wata bakwai ba a cika ba.

Malam Habu:
A kan wannan ba ni da ja, Hajiya. Har yanzu ina kan bakana cewa zaman Tuchel ya zo ƙarshe, ko a Satumba ko a Disamba sai an rabu, don amana ta riga ta ƙare tsakaninsa da masu kulob. Abin da zan ba Abu Ammar shi ne lokacin. Ko dai a rabu da shi a Yuni kafin a sayo masa Sterling da Koulibaly da Aubameyang, ko a bar shi ya kai hutun Kofin Duniya a Nuwamba, a samu mako shida na neman wanda ya dace. Sun zaɓi ranar da ta fi kowace muni a tsakanin biyun.

Abu Ammar:
Da an bar shi ya kai Nuwamba, Malam, ni na yi imani ba za a samu dalilin korarsa ba. Fofana wasa biyu ya buga masa, Aubameyang ɗaya, Zakaria ko ɗaya. Ba a taɓa ganin ƙungiyar da aka haɗa masa ba balle a ce ta gaza.

Sadik Na Mount:
To yanzu wa za a kawo? Ina jin ana ta ambaton Nagelsmann da Luis Enrique da Pochettino. Gobe Talata ga Liverpool, ranar 12 ga wata ga Madrid a Bernabeu, kuma Bruno Saltor da aka ba riƙo bai taɓa jagorantar wasa ba.

Baba Tanko:
Ko wa za su kawo, ya fara tambayarsu wa ke sayen 'yan wasa kuma wa zai rage su, a rubuta masa a takarda kafin ya sa hannu. Na gobe kuma, in dai Kante zai iya minti 60 a fara da shi tare da Enzo da Kovacic, a mayar da Reece James gefen dama inda ya saba, a daina sa shi cikin 'yan baya uku kamar yadda aka yi da Villa.